Silin da Inji Ya Cinye

Karo na uku ke nan Mai Sili yana dangwarar da kwalin turare a kan teburin ƙanensa.

Ba a banza ya samu wannan suna ba. Haruffan da yake zanawa ƙafa ɗaya mai kauri kamar taɓarya, ɗayar siririya kamar silin gashi. Masu mujallu da shagunan masu hannu da shuni layi suke yi a ƙofarsa. Ƙanen kuwa shi ke da injin da ke danna haruffan da ruwan zinare a jikin kwali.

Ga mai shagon turare tana jiran kwalayenta, ta ce idan aka sake saɓa mata, wani za ta ba aikin. Amma duk kwalin da ya fito, layuka masu kaurin kaɗai Mai Sili ke gani suna ƙyalli. Siraran layukan sun ɓace, sunan turaren ya koma kamar bakin mai giɓi.

Ya wanke ƙanen tas a gaban ma'aikata, ya ce injinsa ya tsufa, a kai shi bola. Ƙanen ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ma'aikatan, ya haɗiye. Wajen fita Mai Sili ya yi tuntuɓe da dakalin ƙofa, ya haɗa har da magini ya zage. Dama kwanan nan kowa ya lalace a wurinsa: masu ƙwan lantarki sun rage haske, masu waya sun ƙanƙance rubutu. A mota kunya ta lulluɓe shi, don bai taɓa tozarta ɗan'uwansa haka ba, amma girman kai ya hana shi komawa.

Kwali na huɗu ya fito yadda yake so, kowane layi a wurinsa. Da kansa ya kai wa mai shagon, yana taku ɗai-ɗai. Ta juya kwalin, ta yi murmushin da ya fi mari ciwo, ta tambaye shi a gaban masu sayayya ko buhun siminti ta ce a rubuta mata. Ina siririn rubutun da ake yabonsa da shi? Ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Ya koma wurin ƙanen yana huci. Wannan karon ƙanen ya sallami ma'aikata, ya rufe ƙofa. Ya ce shi ne ya ƙara wa layukan kauri, don ya ga sai haka yayansa zai yarda. Sannan ya ɗauko kwalin farko, wanda aka yi wurgi da shi.

"Yaya, ka yi haƙuri. Rufe idonka, ba ni yatsanka."

Ya kama yatsan ya bi da shi a kan zinaren a hankali. Duk silin da Mai Sili ya rantse inji ya cinye yana nan a danne tun ranar farko, yatsansa na jin sa, idonsa ne ya daina gani.