Yatsu Uku

Tun da suka bar Lafiya suka ɗauki hanyar Doma, Sharhabilu yake zufa a kujerar baya, alhali gilas a sauke yake. Mu'awiya ne ke tuƙi, mijin ƙanwarsa Halimat. Ortese dillalin doya na gefensa yana fito. Su biyun kamar masu zuwa ɗaurin aure.

A majalisarsu maganar ta samo asali, gindin mangwaron da ke gaban shagon waldar Sharhabilu a unguwar Akurba. Tun da masu garkuwa suka ɗauke wani abokinsu a hanyar gona, ba a sake yin musun ƙwallo ba, kowa sai zancen bindiga. Ana haka wani Ɗanmusa, wanda ba a san takamaiman sana'arsa ba, ya zo da labarin yana da ƙananan bindigogi na sakawa a ƙugu, 'yan waje. Mutum uku suka karɓa nan take, suna kwana da su a ƙarƙashin matashi, ba wanda ya gwada tasa saboda harsashi bai iso ba. Sharhabilu kaɗai ya ce shi a'a.

Shi dai mutum ne mai gudun fitina. Ƙofofi yake yi da tagogi, kuma duk Akurba an san aikinsa, don a ƙarshen kowane ɗinkin walda yakan bar ɗan lanƙwasa kamar wutsiyar kunama. Hannunsa ne haka, ko ya so dainawa ba ya iyawa. Ragowar ƙarafa kuwa a buhu yake tarawa bayan shago, 'yan gwangwan su zo su kwashe. Yatsu uku suka rage masa a hannun dama, kuma kowa ya san labarin: injin yankan ƙarfe ne ya kuɓuce masa, shekarar da aiki ya yi wuya.

A'ar nan tasa ta zama abincin majalisa. In tayar babur ta fashe, sai a ce a riƙe Welda kada ya suma. In ya tashi zagawa, a tambaya ko a raka shi. Duk ya haɗiye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da Mu'awiya ya dube shi ba dariya ya ce, "Yaya, in suka shigo gidanka, da sandar walda za ka tare su?" Matarsa ta faɗo masa a rai, da 'yarsa mai zuwa firamare. Wannan ce ta shigar da shi mota.

A bayan wata gonar doya suka sami Ɗanmusa yana jira da jakar leda. Harsashi ya iso, in ji shi, ga kuma biyun da suka rage. Ya kwance tsumma, bindigogin suka bayyana baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli, suna warin sabon fenti.

"Orijinal," ya ce. "Ba irin na gida ba."

Ortese ya ɗora gwangwanin madara a kan suri. Aka yanke shawarar matsoraci ya fara, don tsoron ya fita gaba ɗaya. Ɗanmusa ya saka harsashi ya miƙa masa.

Sharhabilu ya karɓa da hagu. Ba ta da nauyin da ya kamata. Ya juya ta, babban yatsansa ya bi ƙasan bututun a hankali, ya tsaya a wani wuri. Ya sake shafawa. Nan take ya janye yatsan. Tsoro ne tsagwaronsa ya kama shi, irin wanda ya yi zaton ya binne tuntuni.

"Ba na saya," ya ce da ƙyar. "Kuma don Allah kada kowa ya harba."

Dariya ta ɓarke. Ortese har da riƙe ciki. "Haba Welda, bindiga ba ya cizo. Abeg ba mutane wuri."

Mu'awiya ya ji kunya a madadinsa. Ya fizge bindigar, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga ta kusa da fuskarsa, ya runtse ido ɗaya kamar yadda ake yi a fim. Sharhabilu ya kalli hannun nan mai yatsu biyar lafiyayyu. Ya tuna Halimat da tsohon ciki, ta rako su ƙofa ɗazu tana cewa su dawo da wuri. Akwai maganar da yake riƙe da ita, wadda in ta fita, ba zai sake zama a gindin mangwaron nan da mutuncinsa ba, wataƙila ma ba a gida zai kwana ba. In ya yi shiru kuwa, ba wanda zai taɓa sani.

Yatsan Mu'awiya ya fara lanƙwashewa.

Sharhabilu ya damƙe wuyan hannunsa ya danne shi ƙasa, da ƙarfin da ba a san yana da shi ba. Dariya ta tsaya. Ɗanmusa ya ja da baya, ya rungume jakarsa.

Sharhabilu ya zare bindigar daga hannun Mu'awiya, ya ciro makullin shago, ya kankare fentin da ke ƙasan bututun. 'Yar wutsiyar kunama ta fito fili, irin wadda ke jikin ƙofar gidan kowannensu. Sai ya ɗaga hannunsa na dama a gaban fuskar Mu'awiya, ya ware yatsu ukun.

"Ba inji ba ne ya yi mini wannan," ya ce. "Guda shida na ƙera da ƙarfen gado, ta farko ta fashe ta tafi da yatsuna, sauran biyar ɗin na zuba a buhun 'yan gwangwan."