Lamba Goma Sha Bakwai

Kwana tara ta yi a ƙaramin ofishinta na bayan laburare, tana jan layi daga ɗigo zuwa ɗigo a allon kwamfuta. Kowane ɗigo maƙala ce, kowane layi kuma yana nuna wace maƙala ta ambaci wacce. Jami'a na shirin karrama wanda ya fara gano yadda za a sarrafa gudun injin lantarki ta hanyar karanta wutar da yake ja kawai, ba sai an ɗaura masa na'urar auna gudu ba. Maƙaloli ɗari uku aka miƙo mata, an goge sunaye an sa lambobi. Sunayen suna cikin ambulan a hannun sakataren kwamiti.

Ita dai ba ta da buƙatar ambulan. Tun tana 'yar shekara goma ta san labarin. Babanta da mutumin da ake kira Farfesa yau ɗakin gwaji ɗaya suka zauna, kowa ya rubuta maƙala a kan wannan hanyar a shekara guda, aka yi rigima, Baba ya kwaso littattafansa a kwali ya dawo gida. Yanzu naɗin waya yake yi a shago, yana ta da fanka da famfon da suka ƙone.

"An ci amana," abin da Mama kan ce ke nan, sai ta ja bakinta. Shi kuwa ranar da ta samu aikin laburare, abu ɗaya ya roƙe ta: kada ta taɓa neman sunansa a rumbun maƙaloli. Ta yi masa alkawari, don ta san ciwo ne bai warke ba.

A rana ta huɗu ta ga abin da take nema. Lamba sha bakwai ce babban ɗigo a tsakiyar allo, layuka sun yi mata caa daga ko'ina, babbar mujalla ce ta buga ta. Can a gefe ga lamba arba'in da biyu, 'yar takardar wani taro, mutum biyu kacal suka taɓa ambatonta. Amma ta riga babbar fitowa da wata takwas.

Ta jera madogaran maƙalolin biyu, wato jerin ayyukan da kowacce ta ambata, kafaɗa da kafaɗa. Ashirin da ɗaya a nan, ashirin da ɗaya a can, jeri iri ɗaya. A na tara, mai ƙaramar takarda ya yi kuskuren shekara, ya juya lambobi biyu na ƙarshe. Mai babbar maƙala ya kwashe har da kuskuren. Duk tsawon maƙalarsa ko sau ɗaya bai ambaci arba'in da biyu ba.

Ta daɗe tana kallon ƙaramin ɗigon nan, ta tuna yatsun Baba da waya ta yayyanka. Daga nan ta fara rubuta rahoto, kalma bayan kalma, ba ta bar ko ƙofar allura ta kuɓuta ba.

Rahoton ya shiga hannun kwamiti, washegari sai ga Farfesa, wanda shi ma ɗan kwamitin ne, a bakin ofishinta. Ya tsaya riƙe da tabarau, bai zauna ba.

"Malama, na karanta. Aikinki ya yi kyau. Amma da za ki cire sakin layi na ƙarshe."

"Wanda na ce a janye maƙalar, a faɗi sunan mai ita a gaban jama'a?"

"Shi. Shekara ashirin da huɗu ke nan. Kowa ya tsufa."

"Ranka ya daɗe, ni lambobi aka ba ni," ta ce da murmushi. "Ban san kowa ba."

Ya dube ta jim kaɗan, ya tambayi lafiyar mahaifinta, ya juya. Ta bi shi da kallo har ya fice. Daɗin da ta ji a lokacin ya fi na ranar da aka ba ta digiri.

Ta bi mambobin kwamitin ɗaya bayan ɗaya har ofisoshinsu. Farfesa kaɗai ya ƙi ɗaga hannu, sauran shida suka amince da rahoton yadda yake.

Ranar taron ta je shago da kanta, da sabuwar riga a leda. Baba na sunkuye a kan wani famfo da aka farke cikinsa.

"Wane taro ne?"

"Karrama wani za a yi, Baba. Ina so ka ga aikina."

Ya ce mai famfon na jiransa, ya ce ƙafarsa na damunsa. Ta ce ba za ta motsa daga bakin shagon ba. Ya wanke hannu da kananzir, ya sa rigar, suka kama hanya.

Ta zaunar da shi a layin gaba, daidai inda Farfesa ba zai iya kauce wa ganinsa ba. Ta hau mumbari ta haska taswirar a bango. Ta nuna babban ɗigo, ta nuna ƙarami, ta nuna wata takwas ɗin, ta nuna kuskuren da aka kwafa. Farfesa ya sunkuyar da kai, Baba ya rufe ido.

Shugaban kwamiti ya ce za a fara da hukunci kafin karramawa. Ta koma kujerarta ta riƙe hannun Baba, ta ji shi sanyi ƙalau. Ta kafe Farfesa da ido, don tana so ta ga fuskarsa daidai lokacin.

Sakatare ya yage ambulan, ya bi jerin da yatsa har lamba sha bakwai, sannan ya karanto sunan da ta tashi tana rubutawa a bayan nata tun tana aji ɗaya.