Ƙwallon Minti na Casa'in

"Baba, an ce kai ka ci ƙwallon da ta raba gardama ranar da aka fara ba da kofin gasar rukuni na biyu?"

Tsohon telan da ake kira Lamba Biyar ya ɗage ƙafa daga kan keken ɗinki. Shekara arba'in ba wanda ya shigo shagon nan da zancen ƙwallo, sai yau da wannan 'yar jarida mai haɗa tarihin gasar ta zo.

"Ni ne, 'yata. Minti na casa'in, da ka na sa ta. Gola ko motsi bai yi ba. Filin kamar zai tsage don ihu."

Ta dubi bango. Ba hoto, ba lambar yabo. Kujerar baƙi ma sai da ta kakkaɓe ƙura kafin ta zauna.

"To ina abokan wasanka? Suna leƙo ka?"

"Ko gaisuwar rasuwar matata ba su zo ba."

"Haba dai! Mutumin da ya ci musu kofi?"

Ya yi ta ƙoƙarin zura zare a allura.

"Ai ba mu muka ɗauki kofin ba, 'yata. Gida na ci, a ragarmu na sa ta."