Dashin da Aka Shayar da Rani

Wani mutum ne da ya daɗe da zama a birni. Da mahaifiyarsa ta rasu aka sayar da gidanta na ƙauye, sai ya je ya yanko reshe guda daga dashin da ta yi shinge da shi, kafin sabon mai gidan ya tumɓuke sauran. Iyakar abin da ya rage masa na gidan da aka haife shi ke nan. Ya kafa reshen a lambunsa, a tsakiyar furannin waje waɗanda ba sa rabuwa da ganye muddin ana ba su ruwa. Damina ta yi albarka, reshe ya kama. Da rani ya shigo, ganyen ya yi rawaya ya zube, kamar yadda kowane dashi yake yi tun da Allah ya halicce shi. Mutumin ya ga sanda tsirara, sai ƙaya, hankalinsa ya tashi. Ya shiga ɗura masa ruwa safe da yamma, ya kafa masa rumfa, ya barbaɗa masa takin zamani.

Yayarsa ta zo ganin gida, ta kankare ɓawon da farce, ta nuna masa cikin ɗanye shar. Ta ce, "Kai dai tun kana goye ba ka jin magana. Barci yake yi. Yaushe ka taɓa ganin Inna tana bin dashi da bokiti?" Ya ce, "To, Yaya." Tana juya baya ya ƙara masa ruwa, domin a ganinsa duk abin da ya rasa ganye ƙishirwa ce ke cinsa, kuma ba zai naɗe hannu yana kallon abin uwarsa ya mutu ba. Haka ya yi ta fama har bazara. Dashin bakin hanya, wanda awaki ke gaigaya, wanda ba a taɓa ɗiga wa ruwa ba, duk ya toho. Nasa shiru. Ya kama shi ya ɗan girgiza, sai ya biyo hannunsa: gindin ya ruɓe, baƙi ƙirin, yana wari.

Itacen da ya san yadda zai ƙetare rani da kansa, ba fari ya kashe shi ba, ba gara ba. Mai ƙaunarsa ne ya tsaya a kansa da bokiti, an faɗa masa kuma ya ƙi ji. Shi ne Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.