Mai Gyaran Famfo da Darasin Otal

Akwai wani malamin Turanci a garin nan da ya cuci bawan Allah, ya cinye masa wata huɗu a banza, kuma har yau in ya wuce ana russuna masa. Ba zan kama suna ba. Ba tsoro ba ne, ni da na tsinci Turancina a bakin tasha da jikin kwalin magani, wa zan ji tsoro? Kunya ce ta riƙe mini baki, don sana'armu ɗaya, kuma ni ma hannuna ba a wanke yake ba. Tunda kai ma koyarwa kake yi, ka zo kana nuna mini manhajojin da ka cika wayarka da su, zauna ka ji misali.

Malamin nan manya yake koya wa da la'asar a wani shago. Da intanet ta shigo hannunsa sai ya zama ɓera a rumbu, duk darasin da ya gani kyauta sai ya sauke, har waya ta fara nishi. Ya samo ɗan majigi, ya kafa farin zane a bango. Ɗalibai su zauna, ya danna, wata Baturiya ta fito tana murmushi, ta faɗa su maimaita, shi kuwa ya koma bakin ƙofa yana shan iska. Cikin ɗaliban akwai wani mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa, magidanci mai 'ya'ya biyar, mutumin da in ya kara kunne a jikin famfo ya tuƙa sau biyu zai gaya maka ciwonsa. Wani kamfanin haƙa rijiyar burtsatse ne zai ɗauki mutum ɗaya ya riƙa kula da famfunan ƙauyuka ashirin. Injiniyan baƙo ne, ba ya jin Hausa, sharaɗinsa kuwa a samo wanda zai iya kiransa a waya daga ƙauye ya yi masa bayanin abin da ya lalace. Abin da ya kawo mai gyara aji ke nan, kuma tun ranar farko ya faɗa. Sau uku yana ɗaga hannu: "Malam, yaya ake cewa roba ta cinye? Yaya ake cewa bututu ya tsage?" Sau uku malam yana cewa, "Haƙuri, maigida, ba mu zo wurin ba. Waɗanda suka tsara wannan sun fi ni da kai sani." Gaskiyar magana shi ma bai san amsar ba, kuma bai taɓa kallon darasi ɗaya kafin ya kunna shi ba. Haka mai gyara ya iya kama ɗaki a otal, ya iya tambayar ƙarfe nawa jirgin ƙasa zai tashi, ya iya ƙorafin dusar ƙanƙara, shi da bai taɓa ganin ƙanƙara ba sai a cikin zoɓo. Manhaja kullum tana ba shi taurari biyar, malam yana ɗaga waya yana nuna wa aji.

Ranar gwaji malam ya sa babbar riga ya raka shi, don a san ɗalibin wane ne. Injiniya ya kai su gindin wani famfo da ya mutu, ya tambaya da Turanci mai sauƙi: me ya same shi, me za a sayo? Mai gyara ya tuƙa sau biyu, nan take ya gane. Ya buɗe baki. Abin da ya sani ba shi da kalmarsa, kalmomin da ya haddace kuma babu mai buƙatarsu a gindin famfo. Ya gai da injiniya gaisuwa mai kyau, ya tambayi lafiyarsa, ya ce yau gari ya yi daɗi. Ya fara nuni da hannu, injiniya ya ce a waya ba a ganin hannu. Mai gyara ya juya ya dubi malaminsa. Injiniya ma ya juya, ya ce to malam ya fassara. Malam ya sunkuyar da kai yana latsa waya kamar an kira shi. Aka ba wani aikin, wanda bai kai rabinsa iya gyara ba, amma yana da kalmomin famfo guda ashirin da ya tsinta a wurin aiki.

A hanyar komawa mai gyara bai zage shi ba, da ya zage shi ma da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Malam, an gode da ƙoƙari." Da malam ya shiga gida sai ya rubuta gyaran famfo da Turanci a wannan wayar dai. Bidiyoyi suka zubo, kowane ƙarfe da sunansa, kowace roba da nata. Bai fi minti biyu ba. Suna nan tun ranar da mutumin ya fara ɗaga hannu.

Don haka kar ka fita ka ce na zagi intanet. Kasuwa ce, babu yadin da babu a cikinta. Amma malami tela ne, aikinsa ya auna wanda ke gabansa, ba ya ɗauko rigar da aka ɗinka wa ɗan yawon buɗe ido ya zura wa mai neman abincin iyalinsa ba. Hausawa sun gama magana tuntuni: kayan aro ba ya rufe katara.

Yanzu buɗe wayar taka. Nuna mini darasin da za ka kunna gobe, ka faɗa mini sunan ɗalibin da ka zaɓe shi dominsa. In akwai, ɗaga kai ka dube ni ka ce ƙarya nake yi.