Furen da Ba Ya Yaushi

Mai gadin lambun gwamnati na juya baya, wata tsohuwa ta tsinke reshen wani fure mai tsada da ake kira anggrek ta cusa cikin gyale. A unguwarsu da ke birnin Malang kowa ya san dashen roƙo mutuwa yake yi, na sata ne ke kamawa.

"Hajiya, da girmanki?" in ji mijinta.

"Malam, wuce mu tafi. Lambun babanka ne?"

Ta ɗaure reshen a ɓawon kwakwa, kullum tana ba shi ruwan wankin shinkafa. Wata uku bai yi yaushi ba. Maƙwabciyarta, wadda suka shekara ashirin suna gasar furanni, ta yi ta leƙe ta katanga har wuyanta ya ƙage.

"Yaya, me kike zuba masa?"

"Hannu ne, ƙanwata. Ba a sayar da shi a kasuwa."

Ranar da ta yi sabon tabarau ta ga tambarin kamfani a bayan ganye. Roba ce! Ashe masu lambun sun gaji da tsofaffin garin, sun jera na roba a bakin hanya. Ga shi ta gayyato matan unguwa kallo ranar Juma'a.

Mijin ya yi dariya har da tari. Ita kuwa ta ɗora furen a kan katanga, ta shige ɗaki barcin rana. Kafin la'asar babu shi.

Ranar Juma'a ta zauna karɓar jaje.

Yau wata biyar ke nan maƙwabciyar na ba shi ruwan shinkafa a ɓoye.