Akwatin Labaran Mai Koyar da Karatu

"Zamanin allo da bulala ya wuce," in ji Labaran, yana shafa akwatinsa kamar mai lallashin doki. "Malamin gobe ba zai kashe murya ba. Murɗa maɓalli kawai zai yi, karatu ya zubo."

Mai wannan cika baki aji biyu ya yi a elamantare aka sallamo shi, saboda ya saka wa malami kwaɗo a aljihu. Yanzu furfura ta fara leƙowa, amma halin yana nan.

A ƙauyensu na ƙasar Kiru mutum ɗaya za a ɗauka a tura kwas, ya dawo malamin yaƙi da jahilci. Ko shi ko Malam Jibrin, wanda ya ce alli da haƙuri sun ishi kowane aji. Labaran kuwa ya ce wajen wani direba a Kwanar Dangora ya samo rediyon da ke koyarwa daga Kaduna, har ya san sunan kowane ɗalibi.

Ranar gwaji da hantsi, dagaci ya zo da baƙon da aka aiko daga Kano don ya zaɓa. Labaran ya dage a ƙofar gidansa za a yi, wai nan iska ta fi kamawa. Jama'a suka taru, ya jingina akwatin da zanar gidan, ya rataya waya a reshen gwanda. Gidan tsit, ko ƙarar turmi babu.

Ya yi gyaran murya sau biyu, ya murɗa maɓalli.

"Ba, bi, bu," in ji wata siririyar murya, kamar daga ƙasan rijiya. "Idi, maimaita."

Idi mahauci ya zabura, ya maimaita. Akwati ya kira Hamman, ya kira Inuwa, har ya gyara wa Malam Jibrin da bai yi kuskure ba. Baƙo ya gyaɗa kai. Labaran ya fara jin ƙanshin shinkafar kwas a hancinsa.

"Kun gani?" in ji shi. "Ba duka, ba tsawa, ba ƙurar alli."

Dagaci ya matso da sandarsa, ya daɗe yana duban abin. "Ikon Allah. Ke akwati, kin kira kowa kin tsallake mai ke. Wane ne wannan da ke tsaye kanki?"

Labaran ya bubbuga akwatin.

"Batir ne, ranka ya daɗe," in ji shi. "Yakan huta."

"Bai huta a kan Idi ba. Faɗi sunansa mu ji."

Labaran ya murɗa maɓalli hagu, ya murɗa dama, ya yi tari har sau uku. Jama'a suka miƙa wuya. Can sai zana ta ɗan motsa, muryar Kaduna ta fito a hankali, cike da kunya:

"Haba ranka ya daɗe, ina ni ina kama sunan maigidana a bainar jama'a?"